A Ɗauki Mudu Kafin a Ɗauki Alli

 Ga wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma ta shafi kowane mai ɗa ko 'ya a makarantar boko, watau maganar yadda malami ya ke buɗe darasi.

A ajin farko na ƙaramar sakandare, wadda ta tsaya kusan a matsayin Midil ta zamanin da, akwai wani darasi na kimiyya wanda sauran darussan fannin duka a kansa a ke gina su. Darasi ne a kan abin da Larabawa ke kira madda, watau duk abin da ke da nauyi kuma ya ke cin wuri, kamar dutse, da ruwa, da iska, da gero, da jikin mutum kansa. Turawa suna kiransa da wata kalma wadda in Bahaushe ya furta ta sai ta fito kamar "mata", saboda haka tun malami bai gama rubuta kan darasin ba, yaran benci na baya sun fara mintsinin juna. Galibi kuwa ga yadda a ke buɗe shi. Malami ya shigo, ya juya wa yara ƙeya, ya rubuta ta'arifi da Turanci a jikin allo, su kwafa, su rera shi sau uku da ƙarfi. In aka tambayi yaro bayan mako guda, zai kawo ta'arifin nan ba tuntuɓe. Amma a miƙa masa kwalbar da aka juye, a ce mene ne a cikinta, sai ya ce babu kome. Alhali kuwa cike ta ke da iska, iska kuwa tana cikin abubuwan da ya lissafa da bakinsa. Ya haddace, bai sani ba.

Abin da ya kamata shi ne, minti goma na farkon darasin nan kada a taɓa alli. Malami ya shigo da wani abu a hannu wanda yaran suka sani tun suna goye, ya yi tambaya guda a kansa, ya sa kowane yaro ya faɗi abin da ya ke tsammani, sa'an nan a gwada a gaban kowa. Ta'arifi ya zo daga baya, bayan ido ya gani, zuciya kuma ta ƙagu da son jin dalili. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, darasi kuwa tun daga shigowar malami.

A ɗauka malami ne a Tsafe. Ya aro mudu biyu daga kasuwa, ya cika ɗaya da gyaɗa, ɗaya da gero, ya ɗora su a kan tebur. Ya ce, in an juye waɗannan biyu a ƙwarya guda aka cakuɗa, mudu nawa za a auna? Duk aji zai ce biyu, har da dariya, don ɗaya da ɗaya ba sa bukatar boko. Ya rubuta amsar a gefe, ya kira yara biyu su cakuɗa su auna. Mudu na biyu ba zai cika ba. Nan take aji zai kaure, wani ya ce an zubar, wani ya ce an danna, wani ya leƙa ƙarƙashin tebur. Sai malami ya kawo sikeli, wanda tun da fari an riga an auna gyaɗar da geron a kansa, a sake aunawa, a ga nauyi bai ragu da ko ƙwaya ba. To, ina sauran ya tafi? Ba za a daɗe ba wani yaro, watakila ɗan ma'auni ne ko 'yar mai ƙuli-ƙuli, zai ce ai geron ne ya shige tsakanin gyaɗar. Shi ke nan, darasi ya buɗu. A cikin minti kaɗan yaran sun raba tsakanin wurin da abu ke ci da nauyinsa, abubuwa biyun nan da ta'arifin ya ƙunsa, sun kuma ga cewa abin da a ke gani cike maƙil yana iya zama da sarari a tsakaninsa.

Mutanen Gusau ba su da bukatar a yi musu dogon bayani a kan bambancin awon mudu da awon sikeli. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta ratsa garin ta kai Ƙauran Namoda a 1929, Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kakanni kuma suka saba da ganin ƙunshin auduga ya kai girman ɗaki amma buhun gishiri kaɗan su rinjaye shi. Ɗan kasuwa ya san abin da ya sa a ke sayen wani kaya da tiya, wani da kilo, ya kuma san inda zamba ke shiga a kowane. Ilmin nan yana nan zube a kasuwar Tudun Wada, ɗansa kuwa yana zaune a aji yana tsammanin kimiyya wata aba ce da aka zo da ita a jirgi daga Ingila.

Daga gero da gyaɗa, taki ɗaya ne zuwa gishiri da ruwa, wanda ya fi shi zurfi. A ɗora kwanon ruwa a kan sikeli, a ɗora ƙunshin gishiri na gram 250 a gefensa, a rubuta abin da allura ta nuna. A tambayi yara, in aka juye gishirin a ruwan aka motsa har ya ɓace, nauyi zai ragu, ko zai ƙaru, ko zai tsaya? A nan ra'ayi ya kan rabu, don da yawa za su ce abin da ya ɓace ai ya tafi da nauyinsa. A juye, a motsa, a mayar da takardar ƙunshin kan sikeli. Allura ba za ta gusa ba. Kilo guda na ruwa yana iya shanye gishiri wajen gram 360 kafin ya ƙoshi, don haka 250 za su narke sarai in an yi haƙurin motsawa. Sa'an nan a ɗibi kaɗan a zuba a faifan ƙarfe, a ajiye a rana, kashegari yara su zo su tarar da gishirinsu fari fat ya dawo. Fataken da suka san kantun Bilma sun san haka a ke samunsa, ruwan gishiri ne a ke tarawa a ramuka rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin. Wannan ƙa'ida, cewa abu yana sāke kama amma nauyinsa ba ya halaka, wani masani na Faransa mai suna Labuwaziye ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1789, bayan ya yi shekaru yana awo da sikeli mai kyau. Yaron Bunguɗu yana iya ganin ta da idonsa da gishirin naira kaɗan.

Iska ita ce mafi wuyar shiga kan yaro, don ba a ganinta, ba a damƙarta. Amma kowace yarinya ta ga kiɗan ƙwarya a gidan biki, inda a ke kifa ƙaramar ƙwarya a kan ruwa cikin babba, a yi ta dukanta ba ta nutse ba. Malami ya kawo daro da ruwa da kofin gilashi, ya cusa takarda a gindin kofin, ya ce wa ya yarda za a nutsar da kofin nan duka a ruwa takardar ta fito a bushe? Ya kifa shi tsaye, ya danna har ƙasa, ya ɗago, takarda ko laima babu. Ya sake dannawa, ya ɗan karkata shi, kumfa ta ɓulɓulo, ruwa ya shiga. Me ya fita har ruwa ya sami wuri? Mai sayar da man gyaɗa ya san amsar, don in mazurari ya toshe bakin kwalba ƙam, mai ba ya sauka sai ya ɗan ɗaga shi. In yara sun yarda iska tana cin wuri, sai a faɗa musu nauyinta, su riƙe baki. Ɗakin aji mai tsawon mita 8, faɗi 7, tsayi 3, iskar da ke cikinsa ta kai wajen kilo 180, ta fi buhun siminti uku.

Sauran hanyoyin ba sai an tsawaita ba. Man kaɗanya da man shanu su kan sandare da sanyin hunturu, su tsinke da zafin bazara, alhali man bai zama wani abu dabam ba. Kafur da a ke sakawa cikin akwatin tufafi yana ƙanƙancewa har ya ƙare ba tare da ya jiƙa ko zare ɗaya ba. In aka buɗe kwalbar turare a kusurwar aji, aka ce duk wanda ya ji ƙamshi ya ɗaga hannu, za a ga hannuwa suna tashi layi bayan layi kamar a ke kiran suna. Kowane ɗaya daga waɗannan ƙofa ce ta shiga bayanin sandararre da mai gudana da mai tashi kamar tururi.

Watakila wani malamin zaure ya karanta wannan ya ce ai wasan yara ne, karatu kuwa da hadda a ke yinsa. Hadda tana da gurbinta, ba mai musun haka, da ita aka tsare abin da ya wajaba a tsare harafi da harafi. Amma malaman da kansu sun san fannonin da ba sa zama sai da misali. Mai karantar da Ahalari ko Ishmawi ko Risala, in ya zo babin ruwa, ba ya wucewa sai ya sa ɗalibi ya duba launi da ɗanɗano da wari, ya kawo masa misalin ruwan da ganye ya faɗa ciki da wanda sabulu ya canza. Almajirin da ke dafa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, ya san in ta yi kauri ya ƙara ruwa, in ta bushe a kurtu ya jiƙa ta ta dawo, ya riga ya yi rabin darasin narkewa da bushewa. Har ma ta'arifin da a ke rubutawa da Turanci ba baƙo ba ne a zaure. Duk wanda ya karanci Ummul Barahini ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a Tilimsan a 1490, ya san an bayyana jirmi da siffar cin wuri, an kuma raba shi da siffofin da ke hawa kansa suna gushewa, kamar launi da motsi. Ƙasar da ta ƙunshi 'Yandoto, garin da ya yi suna da malamai tun ƙarnonin baya, bai kamata a ce kalmar madda ta zama abin tsoro a cikinta ba.

Awo da gwaji ma ba Turawa suka fara su ba. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani kasko mai bututu, yana jefa ma'adini a ciki yana auna ruwan da ya malalo, da haka ya gano zinariya ta fi ruwa nauyi kusan sau 19, lissafin da bai yi nisa da na yau ba. Bayansa Abdurrahman Alhazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, ya bayyana wani sikeli mai faranti biyar wanda da shi a ke gane zinariyar da aka gauraya da jauharin jabu. Bukatar kasuwa da baitulmali ce ta sa aka yi wannan aiki. A wajen Turawa kuwa, wanda ya fi shahara da iya buɗe darasi ga yara shi ne Maikel Farade, ɗan maƙeri, wanda ya tashi yana ɗinkin littattafai. A 1848, da kuma ƙarshen 1860, ya tara yara a Landan ya yi musu lacca shida a kan kyandir guda, daga yadda kakin ke narkewa ya hau lagwani har zuwa iskar da mutum ke shaƙa. An buga laccocin a 1861, har yau ana karanta su. Mutumin da ya buɗe wa duniya hanyar samar da wutar lantarki da injin bai ga ƙasƙanci ba ne ya tsaya gaban yara da kyandir a hannu.

To, me ya sa za a cika fili da maganar minti goma na darasi, ga matsaloli manya sun yi wa ƙasa katutu? Dalili yana nan cikin Jihar Zamfara, ba a nesa ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka ga abin ya kai har Bagega. Da aka bincika, sai aka tarar dutsen zinariyar da a ke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma sai da aka yi musu magani. Iyayen nan ba mugunta suka yi ba, neman abinci su ke yi, talauci kuma yana da hannu babba a ciki. Amma a ƙarƙashin abin akwai wani zato wanda kowa ke da shi in ba a gyara masa ba, cewa ƙura in ta tashi ta tafi, abin da ido bai gani ba babu shi. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta halaka ta, shara kuwa matsar da ita kurum ta ke yi. Shi ya sa gyaran ƙauyukan bai yiwu ba sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai 2013. Haka nan zaibar da masu zinariya ke ƙonawa don ta tashi ta bar musu zinariya. Ta tashi ɗin, amma tururinta ba launi ba wari, huhun mai ƙonawa da na wanda ke tsaye kusa shi ne masaukinta. A nan ya kamata a lura, duba launi da ɗanɗano da wari hukunci ne na tsarkin ruwa, ba a ajiye shi don gano guba ba, ruwa yana iya zama garau kuma yana ɗauke da abin da ke kisa. Yarinyar da ta ga allurar sikeli ta ƙi gusawa bayan gishiri ya ɓace, ita ce gobe za ta tambayi mijinta ina ƙurar dutsen nan ta ke tafiya.

Malaman boko suna da nasu uzuri, ba kuma na banza ba ne. Aji cike ya ke har bakin ƙofa, ɗakin gwaji babu a makarantu da yawa, albashi ba ya kai wata, jarrabawa kuma ta'arifi ta ke tambaya. Ga rashin zaman lafiya, wanda ya sa aka rufe makarantun jihar duka a watan Satumba na 2021, ya kuma sa malamai da dama a yankin Tsafe da Bunguɗu ke shiga aji da rabin hankalinsu a kan hanyar komawa gida. Amma duk abin da aka ambata a sama babu wanda ke bukatar lantarki ko kayan waje, kuma babban aji ya fi daɗin irin wannan buɗi, don gardama ta fi zafi in masu ra'ayi sun yi yawa. Ta'arifin ma za a rubuta shi, da Turancinsa, a minti na goma sha ɗaya, sa'ad da ya sami abin da zai rataya a kai. In kwanakin karatu sun ragu, ashe kowane darasi ya ƙara tsada, bai kamata a kashe shi a kan abin da za a manta ranar da aka fito daga jarrabawa ba.

Sai dai akwai haɗari guda wanda ya wajaba a faɗa. Malamin da ya ɗanɗana tafin yara yana iya zama ɗan dabo, ya riƙa kawo abin mamaki don a yi shewa, ya bar su da al'ajabi ba dalili. Wannan ya fi rubutun allo muni, don yana koya wa yaro cewa kimiyya sihiri ce ta masu asiri. Bambancin ɗan dabo da malami shi ne, ɗan dabo yana ɓoye hannunsa, malami kuwa yana miƙa wa yaro kayan ya ce kai ma yi, in ka koma gida ka sake yi a gaban babarka. Tilas tsammani ya riga gwaji, a rubuta shi, tilas kuma awo ya biyo baya. In gwajin ya ƙi, kamar sikeli ya yi gardama ko kofi ya karkace takarda ta jiƙe, kada malami ya ji kunya ya rufe, a nemi dalilin tare da yaran, sau da yawa ranar ce a ke fi koyo. Kada kuma ɗoki ya sa a shigo da fetur ko zaiba ko dutsen ma'adinai cikin aji.

Gyaran yana farawa daga inda a ke horar da malamai, kamar Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta fasaha da ke Gusau, wadda ke yaye malamai mata, da Kwalejin Ilmi ta Maru. Ya kyautu duk ɗalibin da zai fita gwajin koyarwa a tambaye shi da me zai shiga aji a hannunsa, kafin a duba tsarin darasin da ya rubuta. Masu karanta wannan fili kuwa nasu rabon ya fi sauƙi. Ɗan kasuwar da ke da tsohon sikeli a lungun rumfa, ko mudu biyu da ya daina amfani da su, ya aika wa shugaban makarantar unguwarsu, in da hali ya je da kansa wata safiya ya nuna wa yara yadda a ke daidaita allura da yadda a ke share bakin mudu. Malamin zaure kuma, in almajirinsa mai zuwa boko ya dawo da yamma, ya tambaye shi abin da suka gwada yau, ya sa a kawo daro da kofi a maimaita a gaban sauran, ya kawo musu kalmar jirmi su ajiye kusa da ta Turancin. Uba kuwa, in ɗansa ya roƙi mudun gero da na gyaɗa zai kai makaranta, ya ba shi, ya ce masa ya dawo da su a cakuɗe ya faɗa masa nawa aka auna.